Ranar da Na Kwanta a Shagon Mai Talabijin

Gidana ne gidan da ba a kunna talabijin, kuma duk unguwarmu an san da haka. Tun lokacin da aka ba mu jiha, ma'aikata suka cika Birnin Kebbi, eriya ta riƙa tsirowa bisa rufin mutane, na ce ban da nawa rufin. Ban taɓa cewa haramun ne ba, ilimina bai kai nan ba. Abin da idona ya gani na riƙe: duk gidan da akwatin nan ya shiga, miya na ƙonewa, yaro na jin kira ya ƙi amsawa. Ni kuwa sana'ata gyaran shinkafa ce. In sayo mai ɓawo daga fadamar Zauro, in jiƙa, in turara, in baza shanya, sannan a kai inji. Mai tsaron shanya in hankalinsa ya tafi wani wuri, awakin maƙwabta ne ke gode masa.

Ina da jika, ɗan babban ɗana, a hannuna ya tashi tun daga yaye. Lokacin da nake ba da labari ya zama saurayi, shi ke ɗauko mini buhuna daga fadama a kan babur. Ina ce masa Maigida, shi kuma ya ce mini Amarya, irin wasan kaka da jika. Ya san dokata sarai, don haka da ya sayi na'urar wasan nan da suke kira gem, sai ya ajiye ta a ɗakin wani abokinsa a unguwar Badariya. Yana zaton ban sani ba. Ni kuwa ina ganin manyan yatsunsa na motsi su kaɗai in ya zauna cin tuwo, kamar mai murza ƙuma.

Wata rana cikin bazara yana dawowa da kaya, jaki ya gitta masa. Ya kauce wa jakin, babur da buhu suka haɗu suka danne masa cinya. An ɗauki hoto a asibiti, ƙashi ya rabu biyu. Dangi suka zauna, aka tsai da shawara a kai shi Argungu, wurin wani dattijo maɗori da ya taɓa ɗora marigayi mijina. Ƙanwata na aure a can, ta ba mu ɗaki. Na rufe tukwanena na bi shi, don ban ga wanda zan bar wa tsaronsa ba.

Maɗorin ba mai yawan magana ba ne. Ya ja ƙafar, ya jera karare, ya ɗaure, ya yi tofi. Ya ce a shimfiɗa masa a ƙasa, ba gado ba, ya kwanta rigingine. Ba zama, ba juyi. Filo ɗaya ƙarƙashin kai, shi ke nan.

Faɗa da baki ba wuya. Yaron nan tun yana rarrafe ban taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya har ruwa ya tafasa ba. Da zafin ciwon ya ragu sai gundura ta kama shi. Ya kalli azara, ya kalli ƙofa, ya kalle ni. In na fita alwala in dawo in ishe ya dogara gwiwar hannu yana leƙen tsakar gida. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi masa tatsuniyoyin da ya bari tun yana ƙarami, na ba shi carbi. Rediyo ma an kawo, ya ce masu maganar sun fi shi gajiya.

Da maɗori ya dawo dubawa, sai ya haɗa dugadugan biyu ya tsaya yana kallo. Ni ma na kalla. Ƙafar dama ta ja baya kaɗan, kamar faɗin yatsa. Ya kwance, ya sake ja. Ƙarar da yaron nan ya yi, har yau tana cikin kunnena. Da ya gama ya kira ni bakin ƙofa.

"Hajiya, ƙashi ya fara kamawa. Yau na iya gyarawa. In ya sake gocewa, haka nan zai kama, ƙafa guda ta fi guda. Ni ban da maganin wanga. Ku nemo abin da zai riƙe shi ƙasa."

Na koma na zauna kusa da kansa. Mutumin da abincinsa ke cikin laka da bisa babur, a ce ya tashi da ɗingishi tun bai yi aure ba. Ina cikin wannan tunani ya buɗe ido.

"Amarya, kina so in kwanta da gaske?"

"A'a, so nike ka tashi ka yi mini rawa."

"To aika a kawo mini gem ɗina."

"Wane gem?"

"Wanda kinka daɗe da sani."

Na harare shi har ya kau da kai. Washegari na aika Badariya.

Wani maƙwabcin ƙanwata, Allah ya saka masa, ya ba mu aron talabijin. A shekarun ne shafaffun nan marasa ƙeya suka fara shigowa, kowa na ce musu filazma, kuma nasa babba ne. Aka ɗora shi bisa tebur ta wajen ƙafafun mai jinya, aka ja waya, aka tayar da ɗan injin wutar gidan. Yaran gida suka cika ƙofa, kowa ido bisa gilashi. Ni na zauna a kusurwa na ba talabijin gefe, shi nake kallo.

Ba a jima ba na ga kai ya rabu da filo. Sai kafaɗa. Sai gwiwar hannu.

"Kwanta."

Ya kwanta. Can kuma sai ga shi yana tasowa a hankali kamar kulɓa.

"Maigida, zan sa a ɗauke abin nan yanzu."

"Wallahi ba da gangan ba ne. Zo ki gani daga nan."

Na durƙusa, na kai kaina daidai nasa bisa tabarma. Abin da nake gani tar daga tsaye ya koma duhu. Filin ƙwallon da ke kore ya zama kamar tokar murhu, mutanen ciki kamar gawayi. Na ɗaga kai, ya washe. Na sauke, ya dushe. Ashe abin ba ya son a kalle shi daga ƙasa.

Muka sauke shi ƙasa, ƙafafunsa da kararen ɗori suka tare. Muka mayar bisa tebur muka karkato shi da filo, ya sulɓo zai faɗa wa ƙafar nan da ake lallaɓawa, da ƙirjina na tare shi. Sannan na lura da wani abu kuma. In ya danna abin da ke hannunsa, ɗan ƙwallon da ke ciki ba ya bugawa nan take, sai ya ɗan yi nawa. Shi kuma don haushi sai ya buga da nasa jikin. Lafiyayyar ƙafar ta shura, mai ɗori ta bi ta. Kafin la'asar na sa an mayar wa mai kaya kayansa da godiya.

Ranar bai ci tuwo ba. Bai ce mini Amarya ba.

Ina da rago da nake kiwo don layya. Na aika Birnin Kebbi aka sayar. Na san kuɗin rago ba ya kai mutum ga irin na manyan ma'aikata, amma ba na ado nake nema ba. Na zauna na ce masa ya koya mini abin da ake dubawa. Da farko ya ɗauka ba'a ce. Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya fara. Ya ce ana son wanda hoto ke fita tar har a ga ciyawar fili, ba a gan ta kamar an shafa kuka ba. Ya ce ya zama yana da ramin da wayar gem ke shiga. Ya ɗora mini abin dannawar a hannu, wanda su suke kira hannu, ya kama babban yatsana ya aza bisa wani maɓalli.

"Wanga kaɗai za ki danna. In kin danna ya buga, shi ne. In ya tsaya neman izini, ki bar masu abinsu."

Na samo igiyar shanya. Na auna daga ƙasa zuwa bisa tebur na ƙulla. Na auna daga tebur zuwa filonsa na sake ƙullawa. Na naɗe gem cikin zane, na haɗa da faifan wani fim da yake so, na ɗauki sallayata, na bar wa ƙanwata tsaro da kashedi mai ƙarfi, na shiga motar Birnin Kebbi.

Ubansa ya tarbe ni a tasha. Mutum ne mai son a gan shi da kamala, rigarsa kullum a goge.

"Inna, ki tafi gida ki huta, ni in sayo."

"Ka san inda yake kwance?"

"Na sani mana."

"Ka taɓa kwantawa a wurin?"

Ya karɓi ƙunshin.

Shagon da ya kai ni, talabijin ne jere tun daga ƙasa har rufi, dukkansu suna nuna abu ɗaya, furanni da kifaye masu launi. Mai shagon wani mai tumbi ne mai fara'a.

"Sannu da zuwa Hajiya. Amarya za a yi wa jere?"

"Ango dai. Yana kwance."

Kafin in ƙarasa bayani ɗana ya riga ya tsaya gaban wani ƙato, an rage masa kuɗi don kwalinsa ya yage.

"Inna dubi wanga, kamar ƙyauren ɗaki. Kuma ragonki ya kai."

Na ce a sauko da shi. Na fito da igiya, na auna teburan shagon har na samu mai tsayin na Argungu, na ce a ɗora nan. Na ja igiyar zuwa ƙulli na biyu, ya kai ni kusan bakin ƙofa. A nan na shimfiɗa sallaya, na cire takalma, na naɗe ɗankwalin da na zo da shi na yi matashi, na rufe ƙafafuna da mayafi, na kwanta rigingine.

Ni da ko ruwa ba na sha a kasuwa don kada a ga bakina a buɗe.

"Innalillahi! Inna, mi ne ne haka? Don Allah tashi, mutane na kallo!"

Lallai suna kallo. Masu baburan kabu-kabu da ke fakewa a inuwar shagon suka taso. Wani ya ce tsohuwa ta faɗi. Wata mai tallan gyaɗa ta ajiye farantinta ta kutso da ruwan leda tana cewa a ba ni iska, zafin nan ne.

"Lafiyata lau," na ce. "Ku matsa, kun tare mini."

Ƙaton nan daga ƙasa bai fi na aro ba. Furannin suka koma kamar an babbaka su.

"Ɗauke."

"Inna ko minti ba ki yi ba."

"Zo ka kwanta ka gani."

Ya dubi rigarsa, ya dubi simintin, bai zo ba. Mai shagon ne ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna can gefe, ya karkata kai har hularsa ta faɗi. Sai ya fashe da dariya.

"Gaskiyarki Hajiya. Gilashin iri-iri ne, wani daga gaba kaɗai yake da kyau. Kowa bisa kujera yake kallo, shi ya sa ba mai tambaya. Wa ke kwance?"

Na gaya masa, har da maganar maɗori. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce shi ma ƙanensa ya taɓa karaya, kuma har gobe yana jan ƙafa. Ya naɗe hannun riga ya fara sauko da waɗanda yake zato da kansa, duk cikin masu sauƙin kuɗi. Ana ɗorawa ina cewa ɗauke. Ana ɗorawa ina cewa ɗauke. Masu kabu-kabu suka karɓe, kafin in buɗe baki su haɗa murya, "Ɗauke!" Ɗana ya koma can ƙurya yana duba wayarsa kamar ba tare muka zo ba.

Biyu suka tsira, duka matsakaita, ba wanda ya kai rabin ƙaton nan. Daga ƙasa launinsu bai gudu ba.

"Yanzu cire furannin nan," na ce. "Ba furanni zai kalla ba. Sa namu."

Aka sa faifan. Na ce a kai wurin da mutanen ke cikin ɗaki mai duhu, don na ga a na aro wurin duhu ne Maigida ya fi ɗaga kai. A duka biyun na ga fuska, na ga har ɗinkin wuyan riga. Akwai ɗan rubutu da ke gudana a ƙasa. Ni ban san baƙi ba, amma na san idan layi ya fita tsaf da idan ya caɓe. Ya fita tsaf.

Saura gem. Mai shagon ya kwance zanen, ya haɗa wayoyi da na farkon, ya miƙo mini hannun. Na ɗora shi bisa ƙirjina, na lalubo maɓallin da aka nuna mini.

Na danna. Ɗan ƙwallon ya buga, amma ba tare muka yi ba. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, wani zai ce babu shi. Sai dai duk wadda ta girma tana lugude a turmi ta san lokacin da taɓaryar abokiyar daka ta makara, ko da ba ta duba ba, a hannu take ji. Na sake dannawa. Haka dai.

"Wanga malalaci ne."

Mai shagon ya ce in dakata. Ya duba na farkon, ya ce ba shi da wurin gyara. Ya koma na biyun, ya daddanna rimot, ya ce wannan akwai inda ake saita shi musamman don wasa. Ya mayar da wayar can.

Na danna. Ya buga. Tare, kamar yatsana ne ƙafarsa. Na danna, ya buga. Na danna, ya buga.

Masu kallo suka ɗau ihu. "Hajiya ga raga can! Buga yanzu!"

"Kai, ta yi sama da ita!"

"A ba ta fanareti, tsohuwa ce!"

"Ban zo cin ƙwallo ba," na ce da su. "Wanga nike so."

Mai gyaɗar nan ta rangaɗa guɗa. Na miƙa wa ɗana hannu ya tashe ni, yana kakkaɓe mini baya yana ƙunƙuni, amma na ga gefen bakinsa na rawa, dariya yake dannewa. Na tambayi mai shago ko ɗan injin da ke ɗaukar fanka da ƙwan fitila zai ɗauke shi, ya ce har da saura. Muka yi ciniki. Ban raga masa don ya taimake ni ba, shi ma bai yi tsammanin zan raga ba. Ɗana ya sa hannu aljihu zai cika, na ce ya bar nasa ya sai mana man inji, rago ya isa.

Direba ya so ya sa kwalin a but ɗin mota tare da buhunan albasa. Na ce ko ni ya sa a but. Bisa cinyata ya zauna tun daga Birnin Kebbi, muka wuce Ambursa, ba na ganin komai sai kwali, duk ramin da muka faɗa in rungume shi kamar jinjiri.

Da aka ɗora shi bisa tebur, Maigida ya dube shi ya taɓe baki.

"Amarya, duk ragon a wanga ɗan mitsitsin ya ƙare?"

"Kunna."

Aka kunna. Na koma kusurwata na ba talabijin gefe. Kan nan bai rabu da filo ba. Na jira kafaɗa, ba ta taso ba. Yatsu na ta aiki, baki na ta surutu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa kamar an dasa shi. Har aka kira magariba na miƙa hannu na kashe, ya dube ni, ya ajiye abin dannawar gefe.

Haka muka zauna. Da safe wasa, da rana fim, in an kira salla a kashe, in an kawo abinci a kashe. Labarin kwanciyata ya riga ni isowa Argungu ta bakin direbobi, har ya kai kunnensa. Ya yi dariya har na ce zan cire wayar in bai bar girgiza ƙafar ba.

"Wai har guɗa anka yi maki?"

"Ci tuwonka."

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan maɗori ya ce lokaci ya yi. Ya kwance kararen ɗaya bayan ɗaya. Cinyar ta rame ta yi fari kamar rogo. Ya shafa, ya latsa, sannan ya haɗa dugadugan biyu. Ya ɗauki kara guda cikin waɗanda ya kwance, ya gicciya shi a tafin ƙafafun, ya matsa gefe don in gani.

Karan ya zauna daidai. Ƙafar dama ba ta ja baya ba ko da ƙwayar shinkafa.

Na fita bayan ɗaki na ɗan jima. Da na dawo ido jajir na ce hayaƙin murhun ƙanwata ne, itacenta ɗanye.

Da sanda ya fara tafiya, sannan da bango, sannan shi kaɗai. Da muka dawo gida, aka tsaya a zaure da kwalin ana kallona. Na ce a kai shi ɗakin samari da ke nan zauren. Daga ƙofar tsakar gida zuwa ciki dokata na nan yadda take, kuma har yau ba a karya ta ba.

Ranar da ya fara komawa Zauro, an kwana ana ruwa, tsakar gida ta yi laushi. Ya ratsa ta ya fita, na ji ya taka babur da ƙafar nan, bugu ɗaya ya tashi. Na bar tukunya bisa wuta na bi sawunsa ina dubawa tun daga bakin rijiya har zaure. Na dama da na hagu zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya.

Ashe bai tafi ba, yana leƙe ta ƙofa.

"Amarya, mi kike nema a ƙasa? Ko kwanciya za ki sake yi?"

"Tafi ka ɗauko mini shinkafata," na ce. "Kuma in ka ga jaki, ka tsaya ya wuce."